Hanyar Mai Wasiƙa

Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu, har sunansa na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Manya da yara Mai Wasiƙa suke ce masa. Matarsa ma, Allah ya jiƙanta, haka take kiransa in ta so tsokanarsa. Mutum ɗaya ne bai taɓa kiransa da wannan suna ba, wato ƙaninsa, wanda tun bakinsa bai nuna ba yake ce masa Yaya. Shi kuma Auta yake ce masa, ko da yake Autan ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, ya ga jikoki.

Shekara takwas ce tsakaninsu, kuma gidan waya ɗaya suka yi wa aiki. Mai Wasiƙa ne ya fara shiga yana ɗan sha tara, aka ba shi jakar fata da hula da unguwa uku. Auta ya yi karatu mai zurfi, don haka da ya zo sai aka ba shi tebur. Daga teburin ƙasa ya koma na tsakiya, daga nan ya hau bene, har ya zama shugaban gidan wayar gaba ɗaya, da mota da direba da ofis mai sanyi wanda in ka daɗe a ciki sai ka nemi bargo.

In suka je gaida Inna, mahaifiyarsu, sai ta kama kumatun Auta ta ce, "Ka ga wanda hutu ya karɓa." Sannan ta juyo ta ƙare wa babban kallo. "Kai kuwa ban san inda abinci yake bi a jikinka ba. Ko jakar nan ce take cinyewa?" Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma in ya kama hanyar gida, maganar takan raka shi har ƙofa.

Sau ɗaya Auta ya yi ƙoƙarin raba shi da jakar. Ya kira shi sama, ya sa aka kawo musu shayi mai kauri, madara har ta yi masa yawa, sukari cokali huɗu. Ya jawo aljihun tebur, ga biskit kala-kala kamar kanti.

"Yaya, abin nan yana damuna," in ji shi. "Mutane za su ce ina sama ina shan iska, yayana yana ƙasa yana shan rana. Na samo maka kujera a wajen tantance wasiƙu."

Mai Wasiƙa ya karɓa don kada ya kunyata ƙaninsa. Mako uku ya yi a kujerar. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura, bayansa ya riƙe, gyangyaɗi ya riƙa ɗaukarsa da rana tsaka, in dare ya yi kuma barci ya ƙi zuwa. Ranar Litinin ta huɗu ya hau benen da kansa ya ce a mayar masa da jakarsa. Auta bai ji daɗi ba. Wata biyu gaisuwa kawai take haɗa su.

Duk wannan ya wuce da daɗewa. Inna ta rasu, dukansu biyu sun yi ritaya, wasiƙa kanta ta zama abin labari. Mai Wasiƙa yana da saba'in da ɗaya, yana zaune shi kaɗai a ƙaramin gidansa, 'yarsa tana leƙo shi duk ƙarshen mako. Wata safiya yana ba shukokinsa ruwa waya ta yi ƙara. Matar Auta ce.

"Yaya, ka zo asibiti," ta ce. "Ya faɗi a banɗaki. Bakinsa ya karkace."

Kwana tara Auta ya yi a kwance. Ran da za a sallame shi, likitar, wata mace mai saurin magana da gilashi a saman goshi, ta tara su a gefen gado. Ta dubi Mai Wasiƙa ta ce, "Kai ne ƙaninsa?"

Matar Auta ta rufe baki da gefen mayafi. Mai Wasiƙa ya ce, "A'a, likita, ni na goya shi."

Likitar ta sake dubansa, ta dubi takardar hannunta. Ta ce hawan jini ne da ciwon sukari suka daɗe suna cinsa a ɓoye, su ne suka kawo shanyewar ɓarin jikin. Ta ce ya yi sa'a, abin bai yi nisa ba, hannun hagu da ƙafar za su iya dawowa in an motsa su. Magani kullum, ba fashi. A rage gishiri da mai, a ajiye sukari da lemon kwalba, a yawaita ganye da wake da kifi. Sannan ta ɗaga yatsa. "Tafiya kuma. Kowace rana. Ko taku goma ne."

Auta ya juya fuskarsa wajen bango.

Da aka koma gida ya samu kujera a falo, gaban talabijin, ya dasa kansa. Magani yana sha don matarsa tana tsaye a kansa, amma ƙofa ya ƙi ko kallonta. Mutumin da ake buɗe wa ƙofar mota, yanzu a gan shi yana jan ƙafa a layi kamar wanda ya taka ƙaya? Ya ce gara ya mutu a kujerarsa.

Mai Wasiƙa yakan zo kowace safiya, tafiyar minti arba'in daga gidansa. Da farko wa'azi ya riƙa yi, yana maimaita abin da likita ta faɗa, Auta kuwa sai ya ƙara muryar talabijin. A rana ta shida Mai Wasiƙa ya gaji. Ya tashi ya kashe akwatin, ya tsaya a gabansa.

"Auta, ka san wa ya koya maka tafiya?"

Auta ya kau da kai.

"Ni ne. Inna tana wanki a tsakar gida, ta ce in kula da kai kada ka faɗa cikin baho. Na ba ka yatsuna biyu ka riƙe, ina ja da baya kana bina. Ka faɗi ya fi sau ashirin ran nan, ka fasa leɓe, aka doke ni a kanka. Ban ji kunyar wancan ba, ba zan ji kunyar wannan ba. Tashi."

Auta ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, da harshensa da ya yi nauyi, "An doke ka da gaske?"

"Da ludayi."

Ɓarin bakinsa mai lafiya ya motsa kamar zai yi dariya. Ya miƙo hannun dama.

Ran nan bakin ƙofar gida kawai suka kai, Auta ya jiƙe da gumi kamar wanda ya yi noma. Bayan mako guda suka kai turken lantarki na farko. Bayan wata guda suka kai kantin da ke kan kwana, mai kantin ya fito da benci ya ce, "Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe," Auta ya amsa yana kallon wani wuri. Amma washegari shi ya fara gaida mutumin.

Abinci ne ya fi ba su wahala. Matar Auta ta bi maganar likita ƙafa da ƙafa, har mijin ya ce tun da aka aura masa ita bai taɓa sanin muguwa ce ba sai yanzu. Yakan tura kwanon gefe ya ce wannan miyar ko akuya aka ba sai ta kai ƙara. Ita kuwa sai ta ce, "To akuyar ta fi ka lafiya." Don a samu zaman lafiya Mai Wasiƙa ya riƙa tsayawa cin abincin rana tare da su. Shi bai ga abin ƙorafi ba. Tun yana aiki abincinsa ke nan: ɗan abin da matarsa ta ƙunsa masa, da ayaba ko lemo a hanya, da ruwa gora biyu. Ba don ilimi ya yi haka ba. Mai ɗaukar jaka a rana ba ya iya cika ciki, shi ke nan.

Wata rana a kantin kan kwana Mai Wasiƙa ya juya baya yana gyara igiyar takalmi, da ya ɗago sai ya ga aljihun Auta ya yi tudu. Sai da suka zauna hutawa a ƙarƙashin wata bishiya sannan ya dube shi.

"Fito da shi."

Auta ya fito da biskit mai zaƙi a tsakiya, yana ɓata rai kamar ɗan makaranta. Mai Wasiƙa ya ɓare, ya ba shi ɗaya, ya ci ɗaya, sauran ya zuba a nasa aljihun.

"Wannan zalunci ne," in ji Auta. "Inna ta fi kowa cin gishiri, ta kai tamanin da takwas."

"Inna da ƙafa take zuwa kasuwa har ta tsufa. Da hannu take wanki. Ka taɓa ganin ta zauna awa ɗaya wuri guda in ba barci take ba?"

"To matarka fa? Ba ta shan zaƙi, ba ta cin maiƙo, kullum tana kan ƙafarta. Hamsin da biyu ta tafi."

Da maganar ta fita Auta ya so ya mayar da ita, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mai Wasiƙa ya riƙa murza takardar biskit ɗin. Wata mota ta wuce, wata ta biyo ta.

"Ban ce maka tafiya tana hana mutuwa ba," ya ce a hankali. "Da tana hanawa da na goya ta na zaga garin nan da ita. Kwana na Allah ne. Amma ita har saura wata biyu ta rasu da ƙafarta take zuwa inda take so, da hannunta take cin abinci. Abin da nake nema maka ke nan. Ba na son in zo gidanka in tarar ana juya ka a gado."

"Yi haƙuri, Yaya."

"Tashi mu tafi, rana tana yi."

Bayan wata bakwai Auta ya ajiye sanda mai ƙafa huɗu ya koma ta hannu. Wandunansa suka yi masa yawa, sai da aka kai wa tela ya rage. Shi ne da kansa wata safiya ya ce ya gaji da ganin turakun lantarkin layinsu, yana son a nuna masa hanyar da Yaya ya yi shekara talatin yana bi. Suka shiga motar haya ta sauke su a bakin tsohuwar unguwar.

Mai Wasiƙa ya daɗe bai bi ta nan ba. Da ƙafarsa ta taka layin farko sai ya ji kafaɗarsa ta dama ta sauka kaɗan, kamar jakar tana nan. Ya riƙa nunawa yana bayani. Ga gida mai lamba goma sha biyu, da ƙofarsa shuɗiya ce, akwai wata tsohuwa da ɗanta ke aiki a jirgin ruwa. Duk ranar da ya kawo mata takarda sai ta zaunar da shi ya karanta mata sau biyu, na biyun a hankali. In babu takarda kuma ba ya wucewa haka nan, sai ya tsaya ya ce mata teku tana da faɗi, ta ƙara haƙuri. Ga inda shagon mai gyaran agogo yake, wanda ke ajiye masa ruwan sanyi a tulu, yanzu ana sayar da wayoyi a wurin. Ga gidan da karensu ya yaga masa wando har sau biyu, daga baya suka zama aminai, karen yana raka shi har ƙarshen layi.

"Lamba talatin da bakwai," in ji Auta, yana karanta bango. "Na san wannan. Kullum suna rubuto ƙorafi wai wasiƙarsu tana makara."

"Malamin makaranta ne. Ba makara take yi ba, budurwarsa ce ba ta ba shi amsa."

Auta ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ya ce shekara da shekaru yana sa hannu a kan sunayen layukan nan, bai taɓa sanin akwai bishiyar mangwaro a wannan ba, bai san wancan yana da gangare ba.

A gindin wani tudu Mai Wasiƙa ya tsaya. Hanya ce mai hawa, doguwa, gidaje a jere dama da hagu.

"A nan na bar taba," ya ce.

"Kai ka sha taba?"

"Shekara goma sha ɗaya. Inna ba ta sani ba, kai ma ba ka sani ba. Wata rana ina tsakiyar tudun nan numfashina ya ɗauke, na zauna a bakin kwata ina tari kamar zan amayar da huhuna. Wata mata mai ciki ta zo ta wuce ni, da kaya a kanta, ta ce sannu baba. Ina ɗan talatin da biyar a lokacin. Kwalin da ke aljihuna a kwatar nan na bar shi."

"Ashe kai ma ba waliyyi ba ne."

"Wa ya ce maka?"

Ba su hau tudun ran nan ba. Sai bayan wata uku suka hau, suna hutawa a kowace ƙofa ta biyar. A samansa ana hango rufin tsohon gidan wayar, fentinsa ya koɗe, rabin tagogin a rufe. Mai Wasiƙa ya ce ko su ƙarasa su leƙa. Auta ya daɗe yana kallon benen, sannan ya girgiza kai.

"Na zauna a can ya isa," ya ce. "Mu bi ta wancan layin, ban san shi ba."

Shekara takwas suka yi suna wannan fita, in ban da ranar ruwan sama ko ranar asibiti. Hannun hagun bai dawo duka ba, maɓallin riga sai matarsa ta sa masa. Ƙafar ma in ya gaji takan ja. Amma likitar ta rage masa ƙwayoyi biyu, ta ce da duk masu zuwa wurinta haka suke da ta samu lokacin shan shayi. Ya ga auren jikarsa ta fari, ya tsaya da ƙafarsa aka ɗauki hoto. Ya koyi cin lemo maimakon shan na kwalba, ko da yake har ƙarshe bai daina cewa miyar gidan ba ta da daɗi ba. Wani lokaci sukan yi tafiyar awa guda ba wanda ya ce uffan. Wani lokaci kuma su yi ta musu a kan launin ƙofar gidan da suka tashi a ciki, shi ya ce kore, Auta ya ce ruwan ƙasa, kuma babu sauran wanda za a tambaya.

Auta ya rasu wata Laraba da la'asar. Sun fita da safe kamar kullum, ya ci abincin rana, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Da matarsa ta je tashinsa ta tarar ya riga ya tafi. Likitar ta ce zuciya ce. Yana da saba'in da ɗaya.

Mai Wasiƙa ya karɓi gaisuwa, ya yi wa kowa godiya, ya koma gidansa ya rufe ƙofa. Mako uku bai fita ba. Shukokinsa suka yi yaushi. Gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai tashi, abinci ya daina yi masa daɗi. Da 'yarsa ta zo ranar Asabar ta same shi zaune a duhun ɗaki da rana tsaka, ta buɗe tagogi, ta tsaya tana dubansa.

"Baba, takalmanka sun yi ƙura."

"Ina za ni?"

"Ko'ina. Ni dai ba zan dafa maka komai ba yau sai ka je ka sayo mini kifi da alayyafo. Ka tafi, ina jira."

Ya so ya yi mata faɗa, sai ya ga idonta ya ciko. Ya sunkuya ya jawo takalman.

Bai bi hanyar gidan Auta ba, bai kuma bi ta tsohuwar unguwar ba. Ya yanki wata hanya ta bayan kasuwa, inda a da gonaki ne da filin da ake shanya kaya. Yanzu duk an gine, gidaje sababbi fil, layuka a miƙe, ba wanda ya san shi, shi ma bai san kowa ba. Da farko ƙafafun suka yi masa nauyi, daga baya suka saki. Ya sami kansa yana karanta lambobin ƙofofi ba tare da ya yi niyya ba. Biyar, bakwai, tara. Sai goma sha huɗu.

Ya tsaya. Ya koma baya ya sake dubawa, ya leƙa ɗaya gefen layin. Wani magidanci yana wanke mota a ƙofar gidan, ya ɗago ya gaishe shi.

"Lafiya dai, Baba? Wani gida ake nema?"

"A'a, ɗana. Lambar gidanka ce ba daidai ba. Goma sha ɗaya ya kamata, goma sha huɗu tana can tsallake."

Mutumin ya dubi ƙofarsa, ya dubi tsohon, ya yi murmushi. "Haka muka same ta. Ai yanzu ba mai dubawa."

"Duk da haka a gyara," in ji Mai Wasiƙa. Ya tambaye shi ta ina ake ɓullewa wajen masu kifi, mutumin ya nuna masa, ya yi godiya ya wuce.